Mariƙin Sandar Wutsiya a Ƙaramin Helikwafta: Larura Ne Ko Ƙawa?

Gabatarwa

 

Batun da za mu tattauna yau ƙanƙane ne ƙwarai a ido. Ya shafi ƙananan jiragen nan masu saukar ungulu, watau helikwafta, waɗanda mutum kan tsaya a ƙasa ya tuƙa su da akwatin rediyo a hannunsa. A jikin irin wannan jirgi akwai dogon bututu da ya miƙe daga gangar jiki zuwa wutsiya, a ƙarƙashin bututun kuma akwai wata siririyar sanda da ke kai umarnin matuƙi ga farfelar wutsiya. Akan zura wa bututun zobba na roba, biyu ko uku, kowanne da ɗan kunne mai huda wanda sandar ke ratsawa ta ciki. Wannan zobe shi muka kira mariƙin sanda. Nauyinsa bai wuce 'yan giram ba, yana kuma cikin kayan gyara mafiya araha a jirgin baki ɗaya.

Tambayar da masu sha'awar waɗannan jirage kan yi ita ce: shin lalle ne sai da shi? Idan ya karye, ko ya ɓace wajen gyara, ana iya tashi haka nan? Amsarmu tun da fari ita ce, a mafi yawan jirage lalle sai da shi, amma akwai 'yan wurare da ba a bukatarsa. Abin da muke so mu shimfiɗa a gabanku shi ne dalili, domin wanda ya riƙe dalili zai iya duban kowane jirgi ya yanke wa kansa hukunci.

Aikin Wutsiya

Kafin mu isa ga zoben, ya kamata mu san abin da wutsiyar take yi. A 1687 Isaac Newton na ƙasar Ingila ya wallafa ƙa'idojinsa uku na motsi, ta ukunsu kuwa tana nuna cewa duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi baya da ƙarfi daidai da wanda ya yi. To, injin helikwafta yana murɗa babbar farfela ta wani gefe, saboda haka gangar jirgin take neman juyawa ta ɗaya gefen. A yawancin ƙananan jiragen da muke magana a kansu, babbar farfela tana bin hannun agogo idan an dube ta daga sama, hancin jirgin kuwa yana neman karkata hagu. In ba a sami abin da ya tare shi ba, jirgin zai dinga juyi a sama kamar katantanwa har ya faɗo.

Masu ƙera jirage sun bi hanyoyi daban-daban wajen warware wannan matsala. Jirgin Focke-Wulf Fw 61 na Jamus, wanda ya tashi a 1936, farfela biyu gare shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna juyi saɓanin juna. Kamfanin Kamov na Rasha ya shahara da ɗora farfela ɗaya bisa ɗaya. Amma tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda Igor Sikorsky ya tabbatar da jirginsa VS-300, wanda ya fara gwadawa a Amurka a 1939, watau babbar farfela guda a sama da ƙarama guda a wutsiya tana hura iska ta gefe. Sa'ad da wani injiniya Bajamushe, Dieter Schlüter, ya fito da ƙananan helikwaftoci masu tashi sosai da rediyo a farkon shekarun 1970, har aka shiga sayar da su, wannan tsari ya bi, shi ne kuma ake bi har yanzu.

Farfelar wutsiya, a manyan jiragen wannan rukuni, daga injin take samun ƙarfi, ko dai ta bel ko ta shaf da ke cikin bututun, tana kuma juyi kimanin ninki 4 zuwa 5 na babbar farfela. Tunda gudunta yana ɗaure da na babbar, ba a iya ƙara mata ƙarfi ta hanyar ƙara mata gudu. Abin da ake yi shi ne a sauya karkatar fukafukanta, in an ƙara karkata ta ƙara kamun iska, in an rage ta sassauta. Duk lokacin da matuƙi ya sa jirgi ya yunƙura sama, murɗin injin yana ƙaruwa nan take, dole kuwa wutsiya ta amsa nan take ita ma.

Hanyar da Umarni Yake Bi

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su tuƙa wutsiya. Na farko shi ne jairo, wata 'yar na'ura da ke jin duk wani juyi da jirgin ya yi, komai ƙanƙantarsa. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka sami jairon da ke riƙe fuskar jirgi, wanda in iska ta kautar da hanci zai mayar da shi inda yake da kansa. Na biyu shi ne sarbo, ɗan injin lantarki mai giya da ɗan hannu a kansa, wanda ke karɓar umarnin jairo ya juya hannun gaba ko baya. Sarbon wutsiya na zamani yakan karɓi sabon umarni sau 333 a daƙiƙa ɗaya, wani ma har sau 560. Na uku ita ce sandar da muka ambata. Na huɗu kuma shi ne ɗan hannu mai gwiwa da ke can ƙarshen wutsiya, wanda ke zamar da wani zobe a kan shaf ɗin farfela, zoben kuma ya karkata fukafukai.

Ku lura da wani abu a nan. Jairo da sarbo suna aikinsu ne bisa zaton cewa idan hannun sarbo ya motsa milimita ɗaya, ɗaya ƙarshen sandar ma zai motsa milimita ɗaya a daidai wannan lokaci. Sarbo ya san inda hannunsa yake, amma bai san abin da ke faruwa a ƙarshen wutsiya ba. Idan sandar ta cinye wani ɓangare na motsin a hanya, jairo zai ga jirgi bai amsa ba, ya ƙara umarni, sa'an nan amsar ta zo a makare ta zarce yadda ake so, ya sake gyarawa ta ɗaya gefen. Wannan shi ke jawo kaɗa wutsiya dama da hagu da akan gani a jirgin da haɗinsa bai yi kyau ba. Komai tsadar jairo da sarbo, iyakar kyansu ita ce kyan sandar da ke tsakaninsu da farfela.

Hujjar Masu Cewa a Cire

Adalci ne mu saurari masu ganin ba a bukatar mariƙi, domin maganarsu ba ta rasa tushe ba. Hujjarsu ta farko ita ce guga. Duk inda sanda ta ratsa huda sai ta gogi jikin hudar, in kuwa mariƙan ba su yi layi ɗaya ba sandar takan cije, sarbo ya riƙa wahala, ya yi zafi, ya sha batir, wani lokaci ma ya ƙone. Sandar da ta cije tana hana jairo yin ƙananan gyare-gyarensa, har ta haifar da kaɗa wutsiyar nan da ake gudu. Hujjarsu ta biyu ita ce an daɗe da samun sanduna na kabon, masu tauri da rashin nauyi, waɗanda ba su yi kama da siririyar wayar ƙarfe ta da ba. Ta uku kuwa ita ce shaidar ido: wani zai ce mariƙinsa ya karye, ya tashi sau da yawa haka, bai ga komai ba.

Hujja ta farko gaskiya ce, sai dai laifin na ɗauri ne, za mu kuma dawo kanta. Ta biyu gaskiya ce rabi. Ta uku kuwa tana nuna cewa jirgin bai riga ya gamu da yanayin da zai tona asirin sandar ba, domin mai shawagi a hankali kusa da ƙasa ba ya ɗora wa wutsiya nauyin da mai wasan juyi a sama yake ɗora mata.

Matsala ta Farko: Lanƙwasa

Sandar wutsiya aiki biyu take yi, ja da turi. Wajen ja ba ta da matsala, ko igiya ma tana iya ja. Shi ya sa wasu manyan jiragen sama suke amfani da wayoyi biyu, kowace tana jan nata gefe. Wajen turi ne magana take. Duk wanda ya taɓa dafa dogon karan dawa a tsaye ya danna shi ya san yadda cikinsa kan bauɗe gefe tun bai ji wani nauyin kirki ba, alhali guntun gaɓa ɗaya daga wannan karan zai ɗauki nauyi mai yawa bai motsa ba.

Masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya fitar da ƙa'idar wannan al'amari a 1744. Taƙaicenta shi ne, nauyin da siririyar sanda za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe ya danganta ga taurin abin da aka yi ta da shi, da kaurinta, da tsawonta. Idan aka ninka tsawo biyu, ƙarfin yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka raba tsawon biyu, ƙarfin yakan ninku huɗu. Idan kuma aka ninka kauri biyu, ƙarfin yakan ninku har sau 16.

Bari mu sa adadi don maganar ta zauna. A ɗauki sandar ƙarfe mai kaurin milimita 2 da tsawon santimita 60, ƙarshenta biyu a kan ƙwallon haɗi mai juyawa kamar yadda ake yi a waɗannan jirage. Lissafin Euler ya nuna za ta fara lanƙwashewa da turin da bai kai nauyin rabin kilo ba. A ɗauka kuma sarbon da ke tura ta yana da ƙarfin murɗi na kilo 4 a nisan santimita ɗaya, hannunsa kuwa santimita 1.5 ne. Wannan sarbo yana iya turi har kusan kilo 2.7, watau ninki shida na abin da sandar za ta jure. Gaskiya ne cewa a shawagi na yau da kullum sarbo ba ya zuba ƙarfinsa duka. Amma fukafukan wutsiya, in suna juyi, suna neman komawa kwance da kansu, ƙarfin wannan nema kuma yana ninkuwa huɗu duk sanda gudu ya ninku biyu. Saboda haka a lokacin da matuƙi ya fi bukatar wutsiya, a lokacin ne sandar take shan turi mafi tsanani.

To yanzu a sa mariƙi ɗaya a tsakiya. Sandar ta zama kamar guntaye biyu masu santimita 30, ƙarfinta ya haura zuwa kimanin kilo 1.7. A sa biyu, a raba ta uku, ƙarfin ya ninku tara, ya kai kusan kilo 4, ya wuce duk abin da wancan sarbo zai iya yi. Ke nan zobba biyu na roba sun mayar da sandar da ba ta isa komai ba ta zama abin dogara, ba tare da an sauya ƙarfenta ko kaurinta ba. Mariƙin ba ya ɗaukar nauyin turin da kansa, aikinsa kawai shi ne ya hana cikin sandar fara bauɗewa, don haka roba ma ta wadatar.

Akwai wata alama da ke nuna sanda tana lanƙwashewa. Tunda wajen ja ba ta ba da kai, sai wajen turi, jirgin yakan tsaya cak idan an juya shi ta gefe ɗaya, amma ta ɗaya gefen ya yi sanyin amsawa ko ya zarce ya dawo. Mutum yana iya ɓata kwanaki yana sauya saitin jairo yana neman maganin wannan, alhali ciwon yana jikin sanda.

Game da kabon kuwa, a ɗauki bututun kabon mai kaurin milimita 4 a waje da ramin milimita 2 a ciki, shi ma santimita 60. Lissafi ya nuna zai jure kusan kilo 4 ba tare da mariƙi ko ɗaya ba, nauyinsa kuma kimanin giram 9 ne, na ƙarfen kuwa kimanin giram 15. A nan masu cewa a cire suna da gaskiya. Da lanƙwasa ce kaɗai matsalar, da mun ce mai irin wannan bututu ya huta.

Matsala ta Biyu: Karkarwa

Sai dai akwai matsala ta biyu, wadda ba ta bayyana in jirgi yana ajiye a kan tebur. Helikwafta inji ne mai jijjiga. Komai ƙoƙarin da aka yi wajen daidaita nauyin fukafukai, akwai 'yar girgiza da ke ratsa gangar jirgin sau ɗaya a kowane zagaye na babbar farfela, da wata mai sauri daga farfelar wutsiya. Kowace sanda kuma tana da adadin kaɗawa da ta fi so a daƙiƙa, kamar yadda tsirkiyar garaya ko ta goge take da muryarta. Idan girgizar jirgi ta zo daidai da wannan adadi, kowane bugu yakan ƙaru a kan na baya, sai a ga sandar tana shillo har ta zama kamar inuwa a ido. Makaɗin goge in ya ɗora yatsa a kan tsirkiya ya rage tsawon da ke kaɗawa, muryar takan yi sama. Aikin da mariƙi yake yi wa sanda ke nan.

Sandar ƙarfen da muka yi misali da ita, in babu mariƙi, tana kaɗawa kimanin sau 11 a daƙiƙa, tana kuma da wasu muryoyi na sama a wajen 44 da 99. Babbar farfela mai zagaye 2,000 a minti tana girgiza jirgi sau 33 a daƙiƙa, kuma kafin ta kai wannan gudu sai ta ratsa ta kan 11 ɗin nan a kowane tashi da kowace sauka. Mariƙi ɗaya a tsakiya yakan kashe murya ta farko ya bar ta 44, domin a wannan murya tsakiyar sandar dama ba ta motsi. Mariƙa biyu sukan ɗaga ta zuwa wajen 99, inda ta yi wa gudun babbar farfela nisa.

Bututun kabon fa? Nasa adadin ya faɗo a wajen 43 a daƙiƙa, watau daidai da farfela mai zagaye kusan 2,600 a minti. Bugu da ƙari, sanda in ana tura ta muryarta sauka take yi, saɓanin tsirkiya wadda ja yake ɗaga muryarta. Idan bututun nan yana ɗauke da turin kilo 1.5, adadinsa yakan sauko zuwa wajen 34, wanda ya yi daidai da zagaye 2,040 a minti, gudun da jirage masu wannan girma suke tashi da shi. Ashe bututun da ya tsira daga lanƙwasa yana iya faɗawa hannun karkarwa. Wannan ne dalilin da ya sa akan ga mariƙi ko a jiragen da sandarsu ta kabon ce mai kauri.

Ɓarnar karkarwa a hankali take shiga. Tana cin ƙwallon haɗi har ya yi sako-sako, tana gajiyar da ƙarfe a wurin da aka yanka masa zaren sukuru, inda dama ya fi siranta, tana sassauta gam ɗin da ya riƙe kan ƙarfe a jikin bututun kabon. Tana kuma komawa cikin gangar jirgi ta rikita jairo. Jirgi yana iya tashi sau ashirin lafiya, a na ashirin da ɗaya haɗin ya ɓalle.

Inda Ba a Bukatar Mariƙi

Wurare uku ne muke ganin za a iya zama babu shi. Na farko, jiragen da ba su da sandar ma sam. Ƙananan jirage irin su Blade 230 S da OMP M2 suna da ɗan injin lantarki na musamman a wutsiya, ana ƙara masa gudu ko a rage, fukafukansa ba sa sauya karkata. A nan tambayar ba ta taso ba. Na biyu, jirgin da aka ɗaura sarbonsa a jikin bututu can kusa da wutsiya, sandar ta zama gajeruwa. Sandar ƙarfen nan tamu in tsawonta santimita 20 ne kawai, ƙarfinta daidai yake da na doguwar mai mariƙa biyu. Sai dai wannan tsari yana kai nauyi baya, dole a matsar da batir gaba don jirgi ya daidaita. Na uku, jirgin da maƙerinsa ya tsara shi tun asali babu mariƙi, ya zaɓi kauri da tsawon sanda da wannan niyya.

Ban da waɗannan, ƙa'idarmu ita ce: in maƙeri ya sa mariƙi a cikin kwalin jirgi, a ɗaura shi, in ya sa uku a ɗaura uku. In kuma mutum ya ƙara wa bututun wutsiya tsawo don ya sa manyan fukafukai, ko ya ƙara gudun farfela, to ya sani bukatarsa ta mariƙi ƙaruwa ta yi.

Yadda Ake Ɗaurawa

Yanzu mu koma ga ƙorafin guga, wanda muka ce laifin ɗauri ne. Abu na farko, a tabbata hudojin mariƙan duka suna kan miƙaƙƙen layi daga hannun sarbo zuwa hannun wutsiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar su a sassauce, a haɗa sandar a ƙarshenta biyu, a bar ta ta nuna wa kowane zobe wurin zamansa, sa'an nan a ɗaure ko a ɗiga masa gam don kada ya juya a jikin bututu.

Na biyu, kada a kai mariƙi kusa da sarbo ainun. Hannun sarbo baka yake zanawa in yana motsi. Hannu mai milimita 15 in ya juya digiri 30 yakan kautar da kan sandar gefe kimanin milimita 2, in kuwa zobe yana nan kusa ya riƙe ta, sai ta cije. A bar mata tazara da za ta yi wannan ɗan kaucewa cikin sauƙi. Haka ma a ɓangaren wutsiya.

Na uku, kada tazarar da ke tsakanin mariƙa ta zama daidai wa daida. Idan guntayen duka tsawonsu ɗaya, muryarsu ɗaya ce, kuma sukan taya juna kaɗawa. A sandar santimita 60 ana iya raba ta 18 da 20 da 22. Sai dai kada bambancin ya yi yawa, domin guntun da ya fi tsawo shi zai fara lanƙwashewa.

Na huɗu ya shafe mu ƙwarai a wannan yanki namu, musamman lokacin hunturu da ƙura ke cika iska. Kada a cika hudar da giris ko mai mai kauri. Ƙura takan manne a ciki ta zama kamar yashin guga, ta ci robar ta ci sandar. A goge su tsaf a bar su a bushe, a kuma riƙa duba hudar, in ta buɗe har sanda tana rawa a ciki a sauya zoben.

Gwaji biyu ne za su nuna ko aiki ya yi kyau, kuma kafin a yi su a cire wayoyin inji ko a kwance fukafukai. A gwaji na farko, a ɓalle sandar daga hannun sarbo a tura ta a ja ta da yatsu biyu, ya kamata ta zame daga ƙarshe zuwa ƙarshe babu inda ta tirje. A na biyu, a mayar da ita, a riƙe hannun wutsiya a hankali da yatsa, a motsa sandar tuƙi a akwatin rediyo na ɗan lokaci kaɗan, a zuba wa sandar ido. In an ga cikinta ya bauɗe, mariƙan ba su isa ba ko kuwa ba sa wurin da ya dace.

Kammalawa

Wani zai ce wannan duka a kan abin wasa? Babban jirgi a wannan rukuni faɗin farfelarsa ya kai kusan mita 1.6, in kuma tana zagaye 2,000 a minti, bakin fiffikenta yana gudun kusan kilomita 600 a sa'a. A watan Satumba na 2013 wani saurayi ɗan shekara 19 ya rasa ransa a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok a Amurka, bayan farfelar jirginsa ta sare shi a ka. Mun kawo wannan ne domin a san irin abin da ke juyi bisa kawunan mutane a filin tashi. Jirgin da sandar wutsiyarsa ta ɓalle yakan shiga juyi cikin ƙiftawar ido, matuƙi ya kasa gane gabansa da bayansa. Abin da ya rage masa shi ne ya yanke totur nan take, domin murɗin injin ya gushe, ya yi ƙoƙarin sauko da jirgin da ragowar juyin farfela. Gwanaye sukan iya, ɗan koyo kuwa da wuya. Ko ba a ji wa kowa ciwo ba, hasarar fukafukai da giya da bututu ta ninka kuɗin zoben sau da yawa, ga kuma jiran kayan gyara daga ƙasashen waje. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka, 'yan'uwa, shawararmu ga duk mai irin wannan jirgi ita ce, in mariƙi ya karye ya ajiye jirgin har ya sami wani. Ga 'yan'uwanmu masu karatun injiniya kuma, lissafin da muka yi a nan bai fi ƙarfin ɗalibin aji ɗaya ko biyu ba, kuma shi ne dai ake yi wa ginshiƙin gini da ƙarafan gada. Muna roƙonku ku ɗauki alƙalami ku sake shi da ma'aunin sandar da ke hannunku, domin adadin da muka bayar na misali ne, kowane jirgi da nasa. Kafin a cire wani abu daga jikin inji, a fara tambayar aikin da aka sa shi ya yi.

Shugaban taro, nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi da gyare-gyare daga malamanmu.